Tirela kuɗina, takarda sunan suruki: waye zai karɓi tallafin katako?

Tambaya: Malam ina zaune a yankin Gippsland na jihar Biktoriya a Ostireliya, shekaru ina jigilar gungume daga daji zuwa injin yankan katako. Tirelar da kuɗina aka saya amma rajista da lambar ABN, wato lambar rajistar kasuwanci, duk sunan yayan matata ne saboda lokacin takarduna ba su kammala ba. Yanzu an hana sare daji, ance gwamnati na biyan tallafi, ina so in karɓi nawa in zuba a kirifto sauran in turo motoci gida. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa ajiye maganar kirifto a gefe tukuna, kana lissafin kuɗin da a takarda ba naka ba ne.

Gaskiya ne an ware tallafi. A 2019 gwamnatin jihar ƙarƙashin Daniel Andrews ta ce sai 2030 za a daina sare dajin, sai kwatsam a watan Mayun 2023 aka dawo da shi 1 ga Janairun 2024, aka ƙara dala miliyan 200 a asusun taimakon ma'aikata da kamfanoni, kamfanin gwamnatin jihar ma, VicForests, da ke rabon aikin aka rufe shi ƙarshen Yunin 2024. Amma gwamnati ba ta san wanda ya yi gumi ba, wanda sunansa ke kan kwangila da rasit ta sani, kuma a wurinsu kai ko ma'aikaci ba ka cika ba idan ba ka da takardar albashi, balle mai kamfani. Takardunka sun kammala tun yaushe? Me ya hana ka mayar da tirelar sunanka? Kunya ce, na sani, kar a ce ba ka yarda da suruki ba.

Na ga irin wannan da idona, wani ɗan katako da aka tashi kasuwarsu, rumfar tasa ce shekara da shekaru amma takardar sunan ƙaninsa, da aka zo rabon sabbin rumfuna ƙanin ya karɓa ya sa haya, har yau ba sa ga maciji. Kuma ƙanin ba ɓarawo ba ne da can, kuɗi ne suka zo.

Yau ɗin nan ka nemo shaidar banki ta kuɗin da ka tura aka sayi tirelar, da rasit ɗin mai da taya da gyara, da saƙonnin WhatsApp inda ya amsa cewa taka ce. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya riga ya cike fom ya karɓa, don shirye-shiryen nan suna da ranar rufewa. Sannan ku zauna gaban lauya, ba gaban matarka ba, a rubuta waye mai me, 'yan ɗaruruwan dala ne. ABN kuwa kyauta ake yi, ka buɗe naka.

Tirelar kuma kar ka yi gaggawar sayarwa yanzu da kowa ke neman rabuwa da tasa, ana ci gaba da yankan itacen gonakin da aka dasa, ka nemi jigila a can da sunanka.