Amsoshin Masu Karatu: Fyaucewa, Bege da Tsammanin Warabbuka

Wani mai karatu daga Kafanchan ya ce fastonsu yana yawan ambaton "fyaucewa" a wa'azin ƙarshen zamani. Yana tambaya: Hausa ce ta asali ko ƙirƙirar 'yan coci?

Malam, Hausa ce tsantsa, ta ma girmi zuwan mishan ƙasar nan. Fyauce na nufin ɗauke abu cikin ƙiftawar ido, galibi daga sama, yadda shaho kan sauko ya fyauce ɗan tsako uwar tana tsaye. Tana da 'yan'uwa, amma kowace da inda take zama. Fizge na buƙatar hannun da ke riƙe da abin, sai an ja. Wafce aikin ɗan sane ne a kasuwa. Ɗauke kuwa ba gaggawa a cikinta, ana ɗauke kwano bayan an gama cin abinci. Fyauce ce ta haɗa sauri da ƙarfi da tashi sama.

Abin da coci ta yi shi ne ba ta sabon aiki. Asalinsa 1 Tasalonikawa 4:16-17, inda Manzo Bulus ya jera abin da zai faru daki-daki: Ubangiji zai sauko da kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da busar ƙaho, matattu masu bi su fara tashi, sannan waɗanda suka rage da rai a fyauce su tare da su a cikin gajimare su tarye shi a sararin sama. Kalmar Helenanci (wato Girkanci) da ke wurin tana nufin ƙwacewa da sauri, ita ce kuma aka yi amfani da ita a Ayyukan Manzanni 8:39, inda Ruhun Ubangiji ya ɗauke Filibus. Tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta sa "fyauce" a ayar Tasalonikawa, kuma a ganina masu fassarar sun dace.

Sai a kiyaye wajen ginin jimla. Idan abin da aikin ya faɗa wa ya biyo baya, "wa" ɗin nan faɗuwa take: "ana fyauce masu bi", ba "ana fyaucewa masu bi" ba. In suna ake so, sai a ce "fyaucewar masu bi" ko "ranar fyaucewa".

Kada kuma a ɗauka duk Kiristoci bakinsu ɗaya a kanta. Koyarwar cewa za a fyauce ikilisiya a ɓoye, a bar sauran duniya cikin ƙunci na shekara 7 kafin Almasihu ya bayyana a fili, ta yaɗu ne daga mai wa'azi John Nelson Darby a shekarun 1830, ta ƙara ƙarfi a Amurka da Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield, bugun 1909. Katolika da tsofaffin ɗariƙu da dama suna karanta ayar a matsayin zuwa na biyu kansa, sau ɗaya, a idon kowa. Don haka mai rubutu ya ce "wasu Kiristoci sun gaskata", ya fi masa lafiya.

Wata baiwar Allah daga Jos ta ce kakarta kullum cewa take, "Ina da begen ganin dawowar Yesu da idona." Maƙwabciyarta Musulma kuwa ta ce ba haka ake amfani da bege ba. Wa ke da gaskiya?

Malama, dukansu biyu. A Hausar yau da kullum, bege shi ne ƙunar zuciya kan wanda kake ƙauna ba ka tare da shi: begen gida, begen uwa, da begen Annabi da sha'irai ke rerawa a mauludi. Aikatawa ake yi, "ina begensa". A bakin Kiristoci kalmar ta ƙara ɗaukar ma'anar jiran abin da aka yi alkawari da tabbaci, har ta zama abin mallaka: "ina da bege", "marasa bege". Tsohuwar fassara ce ta kafa wannan, inda 1 Korintiyawa 13:13 ta jera bangaskiya da bege da ƙauna. Fassarar da ta biyo bayanta ta fi karkata ga "sa zuciya", amma bege ya riga ya zauna a waƙoƙin sujada da na zumuntar mata.

Sauran kalmomin ba za su ɗauki kayan kakarki ba. Fata addu'a ce mai yiwuwa ta tabbata ko ta ƙi. Tsammani lissafin ƙwaƙwalwa ne. Sa rai na iya faɗa wa abin duniya, kamar albashi. Bege kaɗai ke ɗauke da marmarin ganin fuskar wani. Burin nata ma yana da tushe: Bulus da kansa ya rubuta "mu da muke da rai", Siman tsoho kuma a Luka 2:26 an yi masa alkawarin ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu.

Wani matashi daga Zariya da ke shirya wasan kwaikwayo na matasan coci yana neman karin maganar da ta dace da jiran ranar.

Ɗana, wadda za ta fara zuwa maka ita ce "rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya". Ta dace rabi da rabi. Daga al'adar sa ranar biki ta fito, inda dangi duka sun san ranar, abin da ya rage shi ne ko uwar amarya ta gama haɗa kayan ɗaki. Ɓangaren shiri ya yi daidai da misalin 'yan mata goma na Matta 25, biyar da mai a fitilunsu, biyar babu. Inda ta kauce shi ne Matta 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. In za ka sa ta a bakin ɗan wasa, kada ya bi ta da kwanan wata.

"Tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka" kuwa gori ce, ka ajiye ta ga mai sa rana. Warabbuka Larabci ne, "kuma Ubangijinka", ana nufin mai naɗe hannu ya ce Allah zai kawo. Tarihi ya ba ka misali: mabiyan William Miller a Amurka sun sa 22 ga Oktoba 1844, wasu suka bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye ba abin da ya faru. Harold Camping, mai wa'azi a rediyon Amurka, ya maimaita da 21 ga Mayu 2011. Tun a zamanin Bulus akwai masu zaman kashe wando a Tasalonika, shi ya sa 2 Tasalonikawa 3:10 ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Tambaya ta ƙarshe gajera ce: Dujal da magabcin Kristi ɗaya ne?

Kalmomin dai ba ɗaya ba ne. Dujal daga Larabci dajjal, maƙaryaci, kuma siffofinsa daga hadisai suke. Magabci daga gaba, wato abokin gaba, jam'insa magabta. A wasiƙun Yohanna kaɗai sunan ya fito, kuma 1 Yohanna 2:18 ta ce tun a lokacin magabtan sun yi yawa. Littafin Ru'ya ta Yohanna, wanda wata fassarar ke kira Wahayin Yahaya, bai ambaci sunan ba ko sau ɗaya. Dabba ce a sura ta 13 mai lamba 666, masu tafsiri ne suka haɗa su. Mai fassara wa'azi daga wani harshe ya tsaya kan "magabcin Kristi" ko "magabcin Almasihu", don in ya ce Dujal, mai sauraro zai kawo mai ido ɗaya a ransa, alhali Yohanna bai faɗi haka ba.