Motata ta ce 91, an ce super ɗinmu ma 91 ne, to me ya sa take ƙara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Marwa nake. Na sayi Mercedes C300 ta 2016 wadda aka shigo da ita daga Amurka, a jikin murfin tanki an rubuta sai esans, wato fetur, mai lambar oktan 91. Yaron gidan mai ya ce min super ɗinsu ya kai haka. Amma da rana in na taka ta sai in ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa ƙusoshi cikin gwangwani, kuma sai ta yi nauyi, da safe kuwa lafiya lau. Nakan ƙara zuwa-zuwa, wato man kwalba na bakin hanya, in na rasa mai. Wani ya ce in jefa kafur a tanki, wani ya ce in sayi maganin ƙara oktan. Ina gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka kyauta da ka yi tambaya tun motar tana kan ƙafarta, don wannan ƙarar da kake ji ba ta wasa ba ce, injin ne yake gaya maka man da kake ba shi bai kai yadda yake so ba.

Ita lambar oktan ba ƙarfin mai take aunawa ba, haƙurinsa take aunawa. A cikin silinda piston yana matse iska da mai, buji, wato fulogi, ya kyasta, wuta ta bi a hankali ta cinye su tana tura piston ƙasa. To in man ba shi da haƙuri, ragowar da ke can gefe ba ya jiran wutar ta iso, zafi da matsi kawai sai su sa ya fashe da kansa, fashewar ta daki kan piston kamar guduma, abin da makanikai a nan suke ce wa kiliketi ke nan. Injin mai turbo irin naka kuwa dama cusa masa iska ake yi da ƙarfi, matsi ya fi yawa, zafi ya fi yawa, shi ya sa yake neman man da ya fi jimiri.

Yanzu ga inda kai da yaron gidan mai kuka yi saɓani, alhali kowa 91 yake faɗa. Mudun ne ba ɗaya ba. Mu nan Kamaru da Turai da wani mudu da ake kira RON muke awo. Amurka da Kanada kuwa awo biyu suke haɗawa, RON da wani mai tsanani da ake kira MON, su raba biyu, shi suke rubutawa a famfo. Don haka lambarsu kullum tana ƙasa da tamu da kamar 4 zuwa 5 alhali man ɗaya ne. 87 ɗinsu shi ne kusan 91 namu, 91 ɗinsu shi ne 95, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Ka ga ke nan motarka 95 take roƙo, ko da super ɗin ya cika 91 cif kamar yadda aka gaya maka, a idon motar Amurka wannan man talakawa ne na 87. Kalmar super ma kada ta rufe maka ido, a gidajen manmu sunan esans ne kawai don a bambanta shi da gazuwal da kananzir, famfo ɗaya ne kowa da kowa, mai babur da mai Mercedes.

Maganar safe da rana kuma zafi ne. Iska mai zafi tana sa mai saurin fashewa, kuma kai ka san Marwa a Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40, ga kilim, wato na'urar sanyi, a kunne, ga ƙurar hunturu ta toshe ragar da ke sanyaya iskar turbo. Motar tana da wani ɗan kunne a jikin injin da ke sauraron wannan ƙarar, da ya ji sai kwamfuta ta jinkirta kyastawar buji ta rage turbo don ta ceci kanta, nauyin da kake ji ke nan, kuma shan mai ya ƙaru. Amma jinkirin yana da iyaka. In har ƙarar ta kai kunnenka kana cikin mota gilas a rufe, to kwamfutar ta yi iya yinta ta gaza.

Na taɓa buɗe injin wata mota mai turbo a gareji na nan Garwa, mai ita ya hau falez, wato hawan dutsen nan na hanyar Ngaundare, da tsakar rana, mutum biyar da kaya, bayan ya cika tanki da man kwalba. Da na ɗaga kulas, wato murfin kan injin, na riƙe piston na uku a hannuna, samansa duk ya yi ƙananan ramuka kamar gara ta ci itace, gefen da ke riƙe zobe ya ɓalle, ɗan guntun ya goge bangon silinda. Bawan Allah ya tsaya yana kallo ya kasa magana. Wallahi har yau in na ji mota tana wannan ƙarar a kan titi sai gabana ya faɗi.

Zuwa-zuwa kam don Allah ka bar shi ga wannan motar. Ban ce duk mai sayar da shi maha'inci ba ne, da yawa 'yan'uwanmu ne masu neman halal, kuma shekara da shekaru shi ya riƙe arewa, balle da ka duba nisan da man gidan mai yake yi kafin ya iso mu, daga Duwala a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare sannan tankoki su ɗauko. Amma man da ya kwana a jarka ya yini a kwalba cikin rana, sashensa mai sauƙi ya riga ya tashi, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023 riba ta ragu, wanda ba ya tsoron Allah sai ya tsarma kananzir, shi kuwa kananzir oktan ɗinsa a ƙasa yake sosai, kaɗan ma ya isa ya ɓata tanki guda. In dole ta kama ka a hanya, ɗiga shi a farar takarda ka jira, esans mai kyau zai bushe ba tabo, mai kananzir zai bar maiƙo. Ka ɗaga kwalbar kuma ka duba gindinta, ruwa da datti a nan suke kwanciya. Ka sa kaɗan da zai kai ka gari, ka tafi a hankali.

Kafur kada ka soma. Daƙi yake bari a hancin injekta mai fesa mai cikin injin, wani irinsa ma in ya ƙone asid yake fitarwa. Man jirgin sama da wasu ke yabo shi ma a'a, akwai dalma a ciki, tana kashe katalizo, wato matatar hayaƙi, da na'urar auna iskar salansa.

Maganin ƙara oktan akwai na gaske, amma ka karanta kwalbar da kyau, galibi in sun rubuta yana ƙara maki 5 nufinsu 0.5, wato daga 91 zuwa 91.5, kai kuwa lamba 4 cikakku kake nema. Masu ƙarfin cikinsu yawanci da manganis ake yin su, suna aiki, sai dai in aka dimance su buji yakan yi ja kamar tsatsa, katalizo ya toshe. Na ranar tafiya mai nisa ne ko watannin zafi, ba na kullum ba.

Abin da zan ce ka yi, ka zaɓi gidan mai ɗaya mai yawan ciniki ka tsaya a kansa. Ka kai ta a ɗora mata kwamfuta a fita da ita kan hanya da rana a ga yawan jinkirin da take yi. A wanke ragar gaba, a canja matatar iska, a sa buji irin nata na asali ba mai kama da shi ba, baƙin mai kuma wanda kamfanin ya amince da shi, a riƙa juye shi da wuri. Tuƙi ma yana da nasa, kada ka danne totur har ƙasa injin yana kwance a babban giya, a hawa ka sauko da giya da hannu ya ɗan ɗaga murya, ya fi masa sauƙi. Tafiyar Garwa ko Kusiri ka fita bayan asuba. In bayan duk wannan ƙarar ba ta daina ba, akwai masu sake tsara kwamfutar mota ta dace da 91, za ka rasa wani abu na gudu amma injin zai huta, sai dai a nemi wanda ya san aikin sosai, ka ga motocin da ya yi kafin ka ba shi taka.

Su kuma 'yan'uwa masu Corolla da Carina da babur da ke karantawa, wannan maganar ba taku ba ce, ko kun samu 98 ba abin da zai ƙara muku, ku dai nemi mai tsabta.

Kai kuwa ɗan'uwa, kafin ka samu zuwa gareji, da ka ji ƙas-ƙas ɗin nan ka ɗaga ƙafa nan take.