Hukuncin Yin Yoga Don Neman Lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina fama da ciwon baya da ƙarancin barci, sai likita ya ba ni shawarar in riƙa yin yoga, amma wata ƙawata ta ce shirka ce. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kalmar yoga daga harshen Sanskirit na Indiya ta fito, ma'anarta ɗaurewa ko haɗewa, kuma abin da mabiya addinin Hindu da yawa ke nufi da ita shi ne haɗe ran mutum da abin bautarsu. Miƙe gaɓoɓin da ake gani yau ɗaya ne kawai daga cikin rukunai takwas da malaminsu Patanjali ya lissafa. Lamarin ba baƙo ba ne ga malamanmu, domin tun a ƙarni na 11 Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci.

Amfanin motsin kansa ba abin musu ba ne: yana sassauta jijiyoyi, yana ƙarfafa tsokar baya, kuma jan numfashi a tsanake yana kwantar da bugun zuciya har barci ya samu. Asalin irin wannan halas ne, Annabi (SAW) ma ya ce jikinka yana da hakki a kanka.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ake cakuɗawa da motsin. Maimaita kalmar "Om" zikiri ne na wani addini, bai halatta ga Musulmi ba. Haka Surya Namaskar, wato gaisuwar rana, inda mutum zai fuskanci gabas da hudowarta, ya haɗa tafukansa a ƙirji, ya sunkuya, ya kai jikinsa ƙasa. Allah ya ce a Suratu Fussilat, aya ta 37, kada ku yi sujada ga rana ko ga wata. Idan sallar nafila, wadda don Allah ake yi, an hana ta a lokacin hudowar rana saboda gudun kamanceceniya da masu bauta mata, to kyakkyawar niyya kaɗai ba za ta wanke wannan siffa ba.

Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, a 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta haramta mai ɗauke da kirarin bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Wannan rarrabewar na fi rinjayarwa. Ki ɗauki motsin da bayanki ke buƙata, ki bar kirarin da gaisuwar rana, ki yi a ɗakinki ko cikin mata tare da suturta al'aura. Idan mai koyarwa ya ƙi raba su, ki nemi likitan gashin ƙashi ya tsara miki atisayen.

Wallahu a'alam.