Kwampreso da abin feshi: me zan saya don akwatin goge tsatsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar walda da fenti a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na haɗa akwatin goge tsatsa da feshin iska, don rim da kayan babur. Kwampresona, wato injin matsa iska, mai ƙarfin doki 2 ne, tankin lita 50, amma cikin minti ɗaya iska ta ƙare. In ƙara babban tanki ne? Kuma yashin rafi zai yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Tanki ba shi ne matsalarka ba. Tanki randa ce, injin shi ne rijiyar. In rijiya ba ta kawo ruwa, girman randa jinkirta ƙishirwa kawai zai yi. Abin dubawa a jikin injin shi ne yawan iskar da yake bayarwa a minti, wanda ake rubutawa CFM. Bakin bindigar feshi mai faɗin milimita 3 yana shan kusan CFM 20 a matsin iska PSI 100 (PSI ma'aunin matsi ne), naka kuwa da ƙyar yake ba da 6. Lissafin masu aikin shi ne doki ɗaya, CFM 4 ko ƙasa kaɗan, don haka nemi mai doki 5 zuwa sama, mai bel. Irin wannan yakan so wuta mai layi uku, kuma ƙaramin janareta ba zai tashe shi ba, sai ka sa wannan a lissafi tun kafin ciniki. In kuɗi bai kai ba, rage bakin bindigar, ka yi haƙuri da jinkiri.

Sa matatar ruwa a kan tiyo, ka riƙa tsiyaye tanki kullum, musamman da damina, don laima na dunƙule garin da ake fesawa ya toshe bindiga.

Yashi kuwa, don Allah ka bar shi. Ƙurarsa silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, tana maƙalewa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa. Ingila ta haramta feshi da shi tun 1949. Ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan ƙurar.

Ga tsatsa da tsohon fenti a kan ƙarfe, yi amfani da garin alminiyam oksaid: yana ci sosai, ana tacewa a sake zubawa sau da yawa. Kayan alminiyam irin su kafireto da murfin inji, ƙwayoyin gilashi suka fi, a rage matsi zuwa PSI 50 ko 60. Bayan ka gama, wanke hanyoyin man inji tas, domin ƙwaya kaɗan da ta rage a ciki ta isa ta cinye injin babur.