Amsar tambayar Yaya: me ya kai ɗalibai kotu a kan wasan gem?

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya.

Na saurari saƙonka. Ka ce ka ji wai ɗaliban jami'a a nan Amurka sun maka masu yin wasan gem a kotu, kuma a ganinka wannan butulci ne tsagwaronsa: an ba yaro karatu kyauta, an ba shi ɗaki da abinci, sannan ya juyo da lauya. Ka kuma yi mana tsiya cewa mu Hausawan nan mun lalace, Asabar ta yi sai ka gan mu muna jigilar yara filin ƙwallo kamar direbobin haya. Tsiyar na karɓa, don gaskiya ce. Maganar butulcin ce ban yarda da ita ba.

Kada ka auna wasannin jami'o'in nan da gasar NUGA ta jami'o'in gida. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner sun sayi damar nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, wadda ake yi duk watan Maris, a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. A jihohi da dama babu ma'aikacin gwamnatin da ya kai kocin jami'ar jihar albashi, har da gwamna. Nan Karolina ta Arewa da muke, ranar da jami'ar Duke za ta kara da jami'ar UNC a ƙwallon kwando, ko a wurin aiki ba a wata hira. A wasansu na Fabrairun 2019, wanda Obama ya je kallo, tikiti ya kai dubban daloli saboda yaro ɗaya, Zion Williamson. Ba a yi minti ɗaya da farawa ba takalminsa ya yage, ya ji ciwo a gwiwa. Mai sayar da tikiti ya samu, talabijin ta samu, koci ya samu. Shi kuwa dokar NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i tun 1906, ta hana shi karɓar ko sisi da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Gem ɗin kuwa, kamfanin da ya yi shi ka san shi ko ba ka san sunansa ba. EA Sports ne, masu FIFA ɗin da su Abba suke ƙarar da kuɗin tara a kanta a shagon bakin layi. Lokacin da Ahmed Musa ya fito a FIFA da rigar Leicester, ba a ɓagas aka sa shi ba, akwai lasisin da aka biya ta hannun ƙungiyoyin 'yan wasa. A wasannin jami'a kuwa EA ta biya NCAA da jami'o'i kuɗin tambari da riguna da filaye, 'yan wasan kuma ta yi musu wayo: ta cire suna, ta bar komai. Lambar riga, tsayi, nauyi, launin fata, jihar da yaro ya fito, duk suna nan. Sunan ma mai gem yana iya sauke shi daga intanet ya liƙa.

Ed O'Bannon ne ya fasa ƙwan. Shi ya ja jami'ar UCLA ta ci kofin ƙasa a ƙwallon kwando a 1995, ya ɗan taɓa NBA, gasar ƙwararru, abin bai yi tsawo ba, ya yi yawon buga wasa a Turai, daga baya ya zama mai sayar da motoci a kusa da Las Vegas. Wata rana a gidan abokinsa aka nuna masa gem ɗin da ɗan gidan yake bugawa, sai ga shi a ciki: lamba 31, bahago, kai a aske. Fiye da shekara goma da barinsa makaranta ana sayar da kamanninsa, ba wanda ya ko yi masa sallama. A Yulin 2009 ya shigar da ƙara. Kafin shi da wata biyu Sam Keller, wanda ya buga ƙwallon Amurka a jami'o'in Arizona State da Nebraska, ya shigar da tasa, Ryan Hart na jami'ar Rutgers kuma ya biyo baya a Yuni.

EA ta kare kanta da cewa gem fasaha ce kamar fim ko zane, kuma tsarin mulki ya ba ta 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2013 kotunan ɗaukaka ƙara biyu suka ƙi wannan hujja, kowacce da alƙali biyu a kan ɗaya. Dalilinsu shi ne kamfanin bai sāke wa yaran kama ya mai da su wani abu sabo ba, ya kwafe su ne suna yin ainihin abin da aka san su da shi. Da ta ga haka sai ta nemi sulhu. Ita da kamfanin da ke riƙe da lasisin jami'o'i suka biya dala miliyan 40, NCAA ta ƙara miliyan 20. Kada adadin ya ruɗe ka, bayan lauyoyi sun cire nasu aka raba wa mutum sama da dubu ashirin, abin da ya sami mutum a matsakaici bai kai dala dubu biyu ba. EA kuma ta daina fitar da gem ɗin ɗungurungum, NCAA Football 14 ne na ƙarshe. Shekaru masoyan gem suna tsine wa O'Bannon, alhali shi bai ce a daina ba, cewa ya yi a biya.

NCAA ba ta yi sulhu a ƙarar O'Bannon ba, aka je gaban mai shari'a Claudia Wilken a Oakland. A Agustan 2014 ta yanke cewa jami'o'i sun haɗa baki sun tsayar da farashin 'yan wasa a kan sifiri, kuma hakan ya saɓa wa dokar hana haɗin baki a kasuwa, wadda take nan tun 1890. Kotun sama ta rage wa hukuncin ƙarfi a 2015, ta soke dala 5,000 a shekara da Wilken ta ce a riƙa ajiye wa 'yan wasa, amma ta bar tushen maganar. Daga nan bango ya tsage. Kalifoniya ta yi dokar da ta ba 'yan wasan jami'a damar cin kuɗi da sunansu a 2019. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka ba NCAA rashin gaskiya a wata ƙarar 'yan wasa da ake kira Alston, kwana goma bayan haka, ranar 1 ga Yuli, ta janye haramcin cin kuɗi da suna da hoto da kama. Gem ya dawo a 2024, an biya kowane ɗan wasa dala 600 da kwafi ɗaya, 'yan wasa sama da 11,000, shekarar da ta biyo baya aka mai da shi dala 1,500. A Yunin 2025 kuma Wilken ɗin dai ta amince da sulhun dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, tare da ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

To Yaya, karatun kyauta da kake magana ba ƙaramin abu ba ne, ni ne zan gaya maka. Shekara ɗaya a Duke, da masauki da abinci, ta haura dala dubu 80. Wannan shi ne amsar tsiyarka: uban da yake tuƙa babbar mota ko yake tsayuwar dare a ma'ajiyar kaya ba shi da wannan kuɗin, kuma da yawanmu muna gudun bashin karatu saboda ruwan da ke kansa. Idan yaro yana da tsayi ko gudu, ƙwallo ƙofa ce. Shi ya sa ake jigilar. Amma kyauta daban, ladan aiki daban. Yaron nan yana tashi atisaye kafin asuba, yana tafiye-tafiye tsakiyar zangon karatu, an daɗe ana sabunta tallafin ne shekara-shekara yadda koci zai iya yanke shi, kuma NCAA da kanta ta ce waɗanda suke zama ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ga mafi yawansu, shekaru huɗun nan su ne kaɗai lokacin da sunansu yake da kasuwa, kuma su ne aka hana su taɓawa. Ɗalibar da take waƙa ko ɗalibin da yake rubuta manhaja a jami'a ɗaya, da tallafi iri ɗaya, ba wanda ya hana su sayar da abinsu.

Kada ka ɗauka bakinmu ɗaya a nan. Jama'armu a Greensboro, waɗanda mafi yawansu mutanen Nijar ne, an sha kai ruwa rana a kan wannan bayan sallar Juma'a da wajen suna. Dattawa suna cewa kuɗi a hannun ɗan shekara 18 wuta ne, zai raina malami ya raina uba. Ba su yi ƙarya ba, yanzu akwai yaran da suke sauya jami'a duk shekara suna bin wanda ya fi tayi, digirin kuwa sai Allah. Wasu kuma damuwarsu me za a tallata da fuskar ɗansu, don ba uban da yake so ya ga ɗansa a allon tallan abin da addini ya hana. Masu goyon baya su kan jawo hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Abin ma ya sauko har sakandare: a 2024 uwar wani ɗan wasa na makarantar Grimsley, a nan cikin garin, ta kai hukumar ilimin jiha ƙara saboda an bar yaran makarantun kuɗi suna yin talla an hana na gwamnati, kuma ta yi nasara.

Inda muka haɗu shi ne takarda. Yaronmu ba ya sa hannu a kan komai sai babba ya karanta, in da hali lauya. A gida kunya takan hana mutum tambayar wanda ya yi masa alheri me ya rubuta, a nan kuwa layi ɗaya yana iya mallaka wa kamfani hotonka har abada, ko ya ba dillali kaso a duk abin da za ka samu nan gaba. Ba rashin tarbiyya ba ne yaro ya ce “bari in nuna wa Baba”, mu muke koya musu.

Tunda ka ce Abba ya fara tsawo kuma yana ta maganar zuwa, ga abin da dillalai ba za su gaya muku ba. Duk wannan kuɗin na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi, F-1, ba a yarda ya yi aikin kuɗi a wajen makaranta yadda ya ga dama ba, kuma tallan da aka ɗauka a cikin Amurka yana iya jawo a soke masa biza. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya zama gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a 2022 yana jami'ar Kentucky, sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas sannan ya samu ya ɗauki tallace-tallacensa a can cikin 'yan kwanaki. Idan wani ya zo muku da alƙawarin tallafi da miliyoyin daloli, ya ce a fara biyan kuɗin fom, kada a ba shi ko kwabo. A turo mini takardar da sunan makarantar, zan kira ofishin wasanninsu da kaina in ji.