Ku Tambaya Mu Amsa: Wai hayaƙin mashin ɗina ne ke ɗumama duniya?

Assalamu alaikum masu karatu. Satin nan saƙonni sun taru kan magana ɗaya, batun fetur da hayaƙi da dokar da ake cewa za a ɗora wa masu abin hawa. Huɗu na ɗauka, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu na, Mabera nike zaune, shekara tara ke nan ina wanga aiki kuma da shi nika ciyar da iyali. Jiya majalisa wani yaro ɗan jami'a ya ce wai gwamnati za ta yi dokar rage hayaƙin motoci da mashuna don shi ka sa duniya zafi, har ya ce nan gaba fetur ɗin ma daina shi za a yi. To ni abin da ban gane ba, mashin ɗina ko hayaƙi bai yi don ina yi mai juye bisa lokaci, kuma mu da anka cire muna tallafi muna sayen lita da ƙyar mi ya haɗa mu da zafin duniya, ba Turawa ad da masana'antu ba? Don Allah a warware min, in wata hanyar karɓar kuɗi ce anka ɓullo da ita mu sani.
Ɗan kabu-kabu daga Mabera

AMSA: Ƙanena Allah ya yi wa nema albarka. Ka fara kwantar da hankalinka, babu wata doka a Najeriya da ta hana fetur, babu kuma wadda ta ce a kama mashin ɗinka saboda zafin duniya. Amma yaron nan bai yi ƙarya duka ba.

Hayaƙi iri biyu ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai wanda ido ke gani, baƙin da tirela ke turnuƙe mu da shi in ta taso daga Kwannawa, da shuɗin nan na mashin ɗin da ringinsa ya mutu yana shan baƙin mai. Wannan huhu yake ci, shi ke kawo tari da ciwon ƙirji. Na biyun kuwa ba shi da launi ba shi da wari, shi ne iskar kabon, kuma ko yau ka ɓare mashin daga leda sai ya fitar da ita, don ita ce abin da ke saura duk lokacin da mai ya ƙone. Lita ɗaya ta fetur tana ba da kusan kilo 2.3, dizal kuma kusan kilo 2.7. Za ka ce ya za a yi litar da ba ta kai kilo guda ba ta haifi kilo biyu da wani abu, to ai injin iska yake zuƙa ya haɗa da man, nauyin iskar ne ya ƙaru a kai. Mu ce kana shan lita 4 a wuni, ka yi aiki kwana 300 a shekara, lita 1,200 ke nan, kabon ɗinka ya doshi kilo 2,800, nauyin buhun siminti 55 ka aika sama ba tare da ka ga komai ba. Iskar nan in ta hau ba ta saukowa da wuri, sai ta yi wa duniya kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita duka. Motoci da jirage da manyan motocin kaya na duniya su ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kabon ɗin da ake fitarwa ta hanyar ƙona makamashi.

Maganarka ta Turawa gaskiya ce, ban rage mata komai ba. Afirka kaf ɗinta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba, Najeriya ko kashi 1 ba ta kai ba. Sai dai mu ne a bakin wutar. Ni da kai mun san Afrilu a garin nan namu na Sakkwato, ma'auni ya haura 40, ka tsaya a randabawul ɗin Gawon Nama zafin kwalta na dukanka ta ƙasa na salansar motar gabanka na dukan ƙwabrinka, kujerar mashin ba ta zaunuwa sai ka yayyafa mata fiya wata. Mun ga ambaliyar 2010 da ta cinye garuruwa a yankin Goronyo, mun kuma ga dam ɗin Goronyon ya janye a 2018 har manoman rani suka shiga tasku. Ba zan ce maka kowane bala'i ɗumamar yanayi ce ta kawo shi ita kaɗai ba, amma ita ke ƙara wa abin ƙarfi, shi ya sa ni ban iya cewa ba ruwanmu.

Abin da ke rubuce a ƙasar nan shi ne, a Nuwamban 2021 Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a Gilasgo cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take iya shanyewa, a watan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin. Tun 2011 ma hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli na da ƙa'idar hayaƙin ababen hawa, ita wannan ta fi karkata ga gubar da ke cutar da lafiya.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne wa dokar ke kamawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, gwamnansu Arnold Schwarzenegger ya ba da umarni a 2007, aka fara aiki da shi 2011, kuma ba direba suka tare a titi ba, kamfanonin da ke tace mai da masu shigo da shi suka riƙe. Ana lissafa kabon ɗin kowane mai tun daga rijiya har ya ƙone a inji, a sa iyaka, kowace shekara a ƙara matse iyakar, da farko burinsu ragin kashi 10 cikin 100 zuwa 2020. Kamfanin da mansa ya wuce iyaka dole ya sayi maki daga wanda ya kawo mai tsafta, irin dizal ɗin da ake yi da tsohon man suya ko gas ɗin da ake tatsa daga kashin shanu. Kashin shanu fa, abin da ke jibge a Kara muna toshe hanci. Ba zan ɓoye maka ba, kamfanin yakan tura wani ɓangare na kuɗin kan farashin lita, talaka bai tsira gaba ɗaya ba. Amma ya fi a ba wani rasit da sanda a ce ya tsaya bakin hanya yana auna salansar ɗan kabu-kabu, don duk mun san inda wannan ke ƙarewa. Mutumin da tun ranar 29 ga Mayun 2023 ya ga lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000, ya riga ya rage shan mai ba don ya so ba, ba shi ya kamata a fara da shi ba.

Kai dai abin da ke hannunka, ka riƙa wanke matatar iska musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta, ka duba iskar taya, ka sa bakanike ya daidaita maka kafireto, in kana jiran fasinja ka kashe inji. Duk litar da ka tsirar kuɗinka ne ya dawo aljihu, kabon kilo biyu kuma bai hau sama ba.

TAMBAYA: Malam maigidana direba ne, Sakkwato zuwa Kano yake yi, ya dage sai ya mai da motar mai amfani da gas. Ni tsoro nake ji wallahi, tukunyar gas a but cikin wannan zafin ga fasinja cike? Kuma da gaske gas ɗin ba ya ɓata yanayi?
Wata uwargida daga Runjin Sambo

AMSA: Hajiya tsoronki ba na banza ba ne, amma ki bambance. Gas ɗin girki daban, CNG na mota daban. Shi na mota ana danna shi ne da ƙarfin da ya kai kusan ninki 90 na iskar tayar mota, saboda haka tukunyarsa ta musamman ce mai kauri wadda aka gwada, kuma in ya yi yoyo sama yake tashi ya watse, ba kamar na girki da ke kwanciya ƙasa ba. Haɗarin yana wajen tukunyar bogi. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, da aka bincika tukunyar ƙirar masu walda ce ba mai inganci ba. To ki ce wa Alhaji kar ya yarda da araha a nan, wurin da gwamnati ta amince da shi kawai, ya karɓi takarda, ya kuma riƙa kai ta ana dubawa.

Batun yanayi kuwa, yana ɓatawa, sai dai bai kai fetur ba, ragin kamar kashi 20 zuwa 25 ne cikin 100. Kuma shi kansa gas ɗin in ya tsere bai ƙone ba ya fi kabon riƙe zafi sau 80 da wani abu a shekaru 20 na farko, shi ya sa dokar da ba ta kula da yoyon bututu da na gidajen gas ba rabin aiki ta yi. Gwamnatin Tinubu ta kafa shirin CNG a Agustan 2023 ne don rage raɗaɗin cire tallafi, na kuma yaba. Damuwata ita ce mu nan. Bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta ya taso, ya bi Kaduna, a Kano zai tsaya, mu kuma tsakaninmu da Kano tafiyar wuni ce, sai dai a ɗoro mana gas ɗin a tirela mai shan dizal. Kafin ya kashe kuɗinsa ya zauna ya lissafa inda zai riƙa cikawa a hanyar Gusau da Funtuwa, in ba haka ba zai ɗauki nauyin tukunya a but yana tafiya da fetur.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, an ce ana yin man mota da rake ko rogo. In haka ne mu manoma ba mu da rabo a ciki?
Manomi daga Wurno

AMSA: Baba ana yi, sunansa itanol. Birazil ta fara tun 1975 da rake, yau fetur ɗinsu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu itanol ne, doka ce ta tilasta haɗawar. Hikimar ita ce raken ya zuƙi kabon yana girma, in an ƙona sai ya mayar da abin da ya ɗauka. Mu ma an fitar da tsari a 2007 na haɗa kashi 10, ya kwanta a takarda. Rabo akwai, amma ni ina da sharaɗi, kar a taɓa gero da dawa da masara, kar kuma a karɓe fadamar albasa da shinkafa a ba kamfani ya shuka abincin mota alhali kwanon gero na gagarar mutane. In za a yi, a yi da ragowar amfanin gona da filin da ba a nomawa, manomi kuma ya shiga da hannun jari ba lebura ba.

TAMBAYA: Malam mi zai hana mu yi irin na Habasha mu koma lantarki gaba ɗaya?
Ɗaliba daga Arkilla

AMSA: Ɗiyata wuta ce za ta hana. Habasha ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024 saboda tana da wutar ruwa mai arha daga madatsunta, man kuma da dala take sayowa. Mu ba mu manta Oktoban 2024 ba da Arewa ta yi kwanaki cikin duhu har ƙanƙara ta zama abin nema. In kika caja mota da janareta mai shan fetur ai hayaƙin kawai kika sauya wa wuri. Abin da nake ganin zai yiwu a garin nan shi ne a fara da ƙananan, keke napep da mashin masu batir, a kafa rumfunan sola a tasha da bakin kasuwa da ƙofar jami'a inda mutum zai ajiye batir ɗin da ya ƙare ya ɗauki cikakke ya wuce, rana kam Allah ya hore mana ita. Gwamnatin jiha na iya ba da fili, ta tarayya ta sauƙaƙa kuɗin fito kan batir da farantin sola, a ba matasa mashin ɗin bashi suna biya kullum kamar yadda suke kai balas yanzu. Ki kai wannan maganar ajinku, ku auna kilomita nawa ɗan keke ke yi a wuni daga Dandima zuwa babbar kasuwa da lita nawa yake sha, ku turo min lissafin in buga shi a filin nan.