Sayen nagari mai da kuɗi gida: to wanne ne nagarin?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan kunne suka faɗo, na ware guda uku, ɗaya doguwa biyu gajeru, kuma da doguwar zan fara don ita ta fi tsaya min a rai.

Wani ɗan'uwa ne tela daga Gwammaja, magidanci mai 'ya'ya uku. Ya ce: "Malam na kwashi adashi, na zaga Farm Center da Beirut Road na taya kaya. Kuɗin nan ko dai in zuba su kaf a hedifon ɗaya mai tsada irin mai rufe kunne ruf, ko in raba su biyu in sai iyafis mara waya matsakaici da doguwar sifikar nan da ake ajewa a ƙasan talabijin. Abokina ya ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara. Maiɗakina kuma ta ce kowa ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu. Wanne karin maganar ne ya fi gaskiya?"

To ƙanina, duka ukun gaskiya ne, sai dai abokin naka ya ɗauki biyun farko ya dasa su a inda ba nan ne mazauninsu ba, kuma ba shi kaɗai ke wannan kuskuren ba, kullum ina jin sa a bakin masu sai da kaya.

Mu fara da nagari. Kalmar nan ba ta nufin mai tsada ko kusa. Kalmar "na" ce aka haɗa da gari, shi ya sa mace ake ce mata tagari, halin kuma a ce nagarta. Muna cewa mutum nagari, doki nagari, iri nagari. Manomin da ya shiga Dawanau neman iri nagari ba wanda ya fi kowanne kuɗi yake nema ba, wanda zai karɓi ƙasar gonarsa da ruwan garinsu yake nema, in ka ba shi iri mai tsada da ba ya yi a jigawa ai ka cuce shi. Kai ma tela ne ka fi ni sani, akwai yadi mai tsadar gaske da ba zai yi kayan aiki ba. Da Bahaushe tsada yake nufi da ya ce sayen mai tsada, ai yana da kalmar. Sannan "mai da" ɗin da ke ciki ba mai ɗin mallaka ba ne irin na mai gida ko mai shayi, mayar da ce aka gajarta, wato kuɗin da ka fitar za su dawo maka ta hanyar daɗewar kayan da moriyar da ka ci. Kenan sharaɗin karin maganar shi ne moriya. Abin da ka siya ka rataye a ƙusa don ba ka iya sa shi, ko nawa ne kuɗinsa, bai mai da ko kwabo gida ba.

Ita kuma yuyuyu, kalmar kwatanta yawa ce, yawan ƙananan abubuwa marasa ƙwari, kamar 'yan tsaki in suka yo kanka. Kishiyarta a karin maganar ita ce ƙwaƙƙwara, daga ƙwari, jam'inta ƙwarara, kamar yadda ƙarfi ya ba mu ƙaƙƙarfa da ƙarfafa. Abin lura shi ne karin maganar na gwama abubuwa ne iri ɗaya masu aiki ɗaya. Da tambayarka ita ce in sai iyafis ɗin dubu biyu-biyu guda goma ko in sai guda ɗaya mai kyau, wallahi da abokinka ya yi daidai ɗari bisa ɗari, don waɗancan su ne yuyuyu, sati uku kunne ɗaya ya mutu. Amma iyafis da sifikar falo ba aiki ɗaya suke ba, ɗaya na kunnenka ne kai kaɗai a shago da kan hanya, ɗaya na gida ne. Almakashi da dutsen guga ba yuyuyu ba ne don kawai su biyu ne.

Yanzu bari in ajiye alli in yi maka maganar kayan kansu, don karin magana ba ya yanke hukunci sai an san abin da ake magana a kai.

Manyan hedifon irin su Sony WH-1000XM5, wanda ya fito a 2022 a kan dala 400, ko na Bose, ko AirPods Max na Apple da ya fito a ƙarshen 2020 a kan dala 549, babban abin da kake biya a cikinsu shi ne kashe hayaniya. Akwai 'yan ƙananan makirfo a jikinsu da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiro wani sauti kishiyar wannan ƙarar ta tura kunnenka, su biyun su cinye juna. Wannan dabarar ta fi ci a kan ƙara mai ɗorewa mai kauri, irin gurnanin janareta ko injin jirgi ko fanka, amma maganar mutane da hon ɗin adaidaita sahu ba ta iya shafe su duka. Batirinsu kuma yana jimawa, na Sony ɗin nan awa 30 kamfanin ya ce, alhali ƙananan na cikin kunne yawanci awa biyar zuwa takwas ne sai ka mai da su gidansu su sha caji. Ba na raina su, kaya ne masu kyau, wanda aikinsa zama ne gaban kwamfuta kusa da janareta daga safe zuwa yamma ko mai yawan hawa jirgi, a wurinsa su ne nagarin.

Amma kai fa a Kano kake, kuma tela. Ka tuna watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura 40, ka ɗora soso mai fata a kan kunnuwanka biyu kana taka keke, minti nawa za ka yi kafin gumi ya jiƙa shi, kuma irin fatar nan da gumi ba sa shiri, saɓulewa take. Ga hula, sai dai ka cire ta ko ka danne ta. Ga wanda ya fi duka, kwastoma zai tsaya bakin shago ya yi sallama sau uku ba ka ji ba, a kira salla ba ka ji ba. Iyafis kuwa kana iya sa kunne ɗaya ka bar ɗaya a buɗe, kana jin karatunka ko labaran rediyo kana amsa sallama. Aibinsa shi ne batirin ciki ɗan mitsitsi ne kuma ba a cika iya canza shi ba, bayan shekara biyu ko uku zai fara saurin mutuwa, ga saurin ɓata, don haka kar ka zuba masa kuɗi da yawa, matsakaici irin na Oraimo ko JBL ko Soundcore ya wadatar, in dai orijina ne ba jabu ba. A nan ne araha ba ta ado take aiki, in ka ga an karya maka farashi ƙasa da rabin na kowa to ka ja da baya.

Sifikar falo kuma ga dalilinta. Talabijin ɗin yanzu sirara ne kamar faranti, babu wurin da za a sa babbar sifika a cikinsu, 'yan ƙananan da ke ciki ma ƙasa ko baya suke kallo, shi ya sa za ka ƙure murya amma maganar 'yan wasa ba ta fita tar, tsofaffin masu ƙeya sun fi su amo nesa ba kusa ba. Doguwar sifikar nan ita ke gyara wannan. In ka ga an rubuta 2.1 a kwali, ma'anarsa hagu da dama da kuma wufa guda ɗaya mai fitar da kaurin sauti. Kafin ka biya ka leƙa bayan talabijin ɗinka ka ga ko akwai ramin da aka rubuta HDMI ARC, in akwai to rimot ɗaya zai riƙe maka duka biyun, in babu ka nemi mai ramin oftika ko na jak. Kar ka dogara da bulutut a kallo, wani lokacin baki na motsi magana na biyowa a baya. Kuma ka sani ita da wutar soket take aiki, ranar da babu wuta babu sola to ita da talabijin ɗin tare za su yi shiru.

Maganar maiɗakinka ita ce ta fi kusa da inda matsalar take. Karin maganar da ta kawo asalinsa kan rowa ne da cin amanar zaman tare, kuma yana da kaifi, ban ce ka yi rowa ba don mutum ya sai wa kansa abu da guminsa ba laifi ba ne. Sai dai ta hango abin da abokinka bai hango ba, cewa a gidan nan kunnuwa goma ne ba biyu ba. Ni dai in shawarata kake nema ka raba kuɗin, kaso mafi tsoka ya tafi sifikar falo don ita ce mai daɗewa tunda babu batirin da zai mutu a cikinta, ragowar ka sai iyafis. Ka tafi kasuwa da wayarka da karatun da kunnenka ya saba da shi, a kunna maka a gabanka. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma jin da ake nufi a can jin labari ne, a kayan sauti kuwa kwali da hotonsa su ne labarin, abin da kunnenka ya ji shi ne ganin.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a Kabuga, ta ce Malam lasifika Hausa ce? Kuma me za mu kira waɗannan sababbin kayan?

'Yata lasifika ta zama Hausa tuntuni, kamar yadda mota da tebur suka zama. Asalinta Turanci ne, kalma biyu ce a can, ta farkon mai ma'anar mai ƙara aka gutsure ta ta koma la, ta biyun kuma harshenmu ya yi mata abin da ya saba, ya raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali ya mai da p ta koma f, sai ga sifika. Haka aka yi wa iyafis. Muna da tamu ta gida kuma, amsa-kuwwa, wadda asali sunan muryar da ke dawo maka ne in ka yi kuwwa kusa da dutse ko cikin kango, daga baya aka ara wa na'urar. Sauti kanta daga Larabci muka samo ta, masu Suwahili ma sauti suke cewa, namu na asali su ne murya da amo da ƙara. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006 ya fito, AirPods na farko kuwa, wato iyafis mara waya na Apple, sai 2016, kin ga ba a ƙamus za ki nemi sunan ba, a bakin mutane za ki neme shi. Kakanninmu da suka ga baƙin faranti mai zagaye na garmaho ba su jira kwamiti ba, suka kalli faifan rufe ƙwarya suka ce faifai, har yau kuma muna cewa faifan bidiyo alhali babu zagaye babu faranti. Ni a rubutuna doguwar sifika nake cewa ko sifikar talabijin, 'yan kasuwa kuma sawunba suke cewa, wadda ta fi sauƙi a harshe ita za ta zauna.

Ta ƙarshe, wata Hajiya daga Fagge ta ce ɗanta kullum abu na toshe a kunnensa, sai ta kira shi ta gaji, shin kunnen ƙashi ne wannan ko kunnen uwar shegu?

Hajiya akwai bambanci. Kunnen ƙashi taurin kai ne, yaron da aka ja wa kunne aka hana bai hanu ba, kamar kunnen nasa ƙashi ne ba ya lanƙwasuwa, kuma don Allah masu rubutu a waya a riƙa sa wa ƙ ɗin nan ƙugiyarta, in aka cire ta magana ta koma wani abu daban. Kunnen uwar shegu kuwa mutum ya ji sarai ya yi kamar bai ji ba. Amma ina roƙon ki kafin ki sa masa ɗaya daga cikin biyun ki bincika na ukun, wataƙila da gaske ba ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 'yan shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙure sauti, ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu kamar gashi da ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Ki karɓi wayar ki duba, in layin muryar ya wuce kashi 60 cikin ɗari ya rage. In kuma kina jin abin da yake ji daga inda kike zaune, ko yana ce miki kunnensa na yi masa ƙugi da daddare, ko ya fara yawan cewa na'am me kika ce alhali babu komai a kunnen, to kar ki tsaya faɗa, ki kai shi ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Malam Aminu Kano a auna jin nasa.